Shekarar da Daddawata Ta Yi Ɗaci

Ke Nusaiba, ajiye wayar nan haka, na ji iya abin da kunnena zai ɗauka. Wai wannan ne labarin da kike rubutawa har ƙawayenki ke damunki a turo musu ci gaba? Wata budurwa mai daddawa a wani ɗan ƙaramin gari, ta tashi da safe ta dafa kalwa, kafin azahar ta kai daddawa gidan dagaci, kafin la'asar ta ɗanɗana miya ta gano wanda ya sace akuyar matar liman. Har da lalle a hannunta, har da turare! Yo ke, daddawar da aka dafa da safe aka sayar da azahar ai sai dai a cikin wayarki. Kuma ina kika taɓa ganin macen da ke wanke kalwa lalle ya zauna mata a hannu? Ke da ƙawar nan taki da ke ta dariya a bayan mayafi, ku matso kusa. Tunda kun ce sana'ar ba wuya, dafawa ce kawai da rufewa, bari kakarki ta ba ku ta gaske. Ni ma na taɓa binciken mai laifi a gidan nan, kuma ba a gama shi kafin la'asar ba.

Surfen kalwa shi ne aikin da aka fara ɗora ni a kai da aka kawo ni gidan nan na Limancin Kona ina amarya. Uwar mijina, Inna, Allah ya jiƙanta, ita ce mai sana'ar, kuma ba ta san wani abu wai shi lallashi ba. Kalwa, in ba ku sani ba, ƙwayar ɗorawa ce, baƙa, mai tauri kamar tsakuwa. Sai ta wuni a kan wuta ana ƙara ruwa ana tura icce kafin ɓawonta ya yarda ya yi laushi. A juye ta a turmi da zafinta, a watsa ɗan yashi, a ɗauki taɓarya. To a nan ake gane mace. In kin saki ƙarfi kin farfasa ƙwayar, in kin ji tsoro ɓawon ba zai fita ba. Ni da ƙarfin ƙuruciya na dinga luguden duka kamar mai dakan fura. Inna ta zo ta leƙa turmin, ta ɗebo a tafin hannunta, ta kawo mini dab da hanci.

Ta ce, "Wannan mene ne?"

Na ce, "Kalwa ce, Inna."

Ta ce, "Da can kalwa ce. Yanzu kunu ne. In kunu aka aiko ki yi, ga gero can a ɗaki."

Ta sa na zauna na tsince duk wadda ta tsira, ƙwaya ƙwaya, har wuyana ya ƙage.

Wanki kuwa shi ke cinye hannu. Akwai gwagwa, ƙwarya ce mai huji-huji, a cikinta ake murza kalwar a cikin ruwa har ɓawon ya taso a kwashe. Ruwan rijiya, guga bayan guga, ki murza ki tsiyaye ki sake, har ƙwayar ta fito tas. Fatar yatsunki ta yi fari ta tattare, farce ya yi laushi ya ɓare. Daga nan a mayar tukunya a sake dafawa da kanwa, a tsane, a zuba a ƙore da zafinta, a rufe da faifai, a lulluɓe da tsofaffin buhuna, a kai ɗakin baya a ja ƙofa. Ba leƙe, ba buɗewa. Sai ta kwana biyu ko uku tana aikinta ita kaɗai. In kin sa hannu a kan buhun kika ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, to Allah ya amsa. In an buɗe za ki ga ta yi duhu, ta yi yauƙi, warin nan da kuke toshe wa hanci ya bugi fuskarki har idonki ya kawo ruwa. Sannan a kirɓa, a mulmula, a danna da tafin hannu, a hau soro a shanya, a zauna korar kaji da ƙadangaru. Wannan shi ne dafawa da rufewar da kuke faɗa.

Ƙoren nan kuwa su ne sana'ar gaba ɗaya. Tukunya ta fashe a sayi wata, turmi ya tsage a sassaƙa wani, amma ƙwaryar daddawa ba a sayen ta a kasuwa. Sabuwar ƙwarya ba ta san komai ba, sai ta sha kwaɓi bayan kwaɓi har cikinta ya yi baƙi ya yi santsi, sannan ta fara nunar da kalwa da kanta. Na Inna ta gada ne daga uwarta. Doka guda ce a kansu: ba a wanke su. A kwashe, a goge da busasshen tsumma, a kife a kan gadon kara a bayan ɗaki su sha iska, shi ke nan. Ruwa ba ya taɓa su, balle sabulu. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya karanta mini wannan doka. Duk wanda ya zauna a gidan daddawa ya san ta kamar yadda ya san ba a shiga masallaci da takalmi.

Masu saye kuma kala-kala ne. Akwai matan manya da ke aiko a ƙunsa musu a leda biyu kada warin ya kama mota, alhali in babu ita a miyar kuka maigidan ba zai kalli tuwon ba. Akwai masu cewa sun koma dunƙulen kanti, sai an yi baƙi daga ƙauye ka ga sun lallaɓo da mayafi har ido. Akwai Malama Rifkatu daga Wusasa, uwarta ma mai daddawa ce, ita ba ta taya, sai ta ɓalla ta sunsuna ta ce a zuba. Babbar mai sayena kuwa Hajiya Tasalla ce, mai gidan tuwo a Ƙofar Kibo. Rabin abin da nake yi ita ke kwashewa. Mace ce mai jiki, mai murya, mai baki. In ta yabi abu da safe, kafin yamma unguwa ta ƙare shi. In ta kushe kuwa, sai dai mai shi ya canja sana'a. Ba ta taɓa karɓar daddawata ba tare da ta ce ta wancan makon ta fi ba, kuma ba ta taɓa fasa dawowa ba.

Bayan Inna ta rasu aikin ya fi ƙarfin hannu ɗaya, sai na ɗauki Delu. Baƙauya ce daga wajen Giwa, siririya, ba ta da yawan magana. Aure biyu ta yi, maza biyun duk suka rasu, ta shigo birni da 'ya'yanta biyu ta kama ɗaki a bayan ganuwa. Abincinta a hannun matan kulle yake: wannan gida ta yi surfe, wancan ta yi daka, wancan ta yi wankau, ta samu na tuwon dare. Ku riƙe wannan da kyau, don ku ba ku san shi ba. Mace irin Delu ba ta da jari sai yardar da aka yi mata ta shiga gida ta taɓa turmi. Ran da aka daina ce mata shigo, ran nan tukunyarta ta kife. A wurina kuwa ban taɓa ganin hannun surfe irin nata ba. Ta sauke turmi guda ba ki tsinci fasasshiya ko ta rantsuwa ba.

Shekarar da aka haife ki ita ce mummunar shekarata, Nusaiba, kada ki ɓata rai, ba ke kika jawo ba. Uwarki 'yar fari ce a wurina. Kin san ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba yau zan fara ba. A zamaninmu 'yar fari ba a kallon ta ido cikin ido, ba a zama hira da ita. Ana yaye ta yayar kakanki ta ɗauke ta zuwa Kaduna, a can ta girma, a can aka yi mata aure da ubanki. Sai mariƙiyar tata ta rasu tana da cikinki, don haka da haihuwa ta zo, nan aka kawo ta wankan jego. Aka ba ta ɗakin da ke kusa da bayan gida, wata tsohuwa 'yar uwar kakanki na zuwa safe da yamma ta yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Ni nawa dafa kunun kanwa ne da gasa nama, in ajiye a bakin ƙofa in wuce. Dangin ubanki kuwa, 'yan kasuwar atamfa, sai shiga suke suna fita da sunan barka, suna zama a tsakar gida suna kaɗa gefen mayafi a gaban hanci. Har wata gwaggonsa ta ce, "Kai, gidan nan akwai albarkar ƙamshi." Na ji ta sarai. Na ce a raina, daddawa ce ke gaya wa manda baƙi.

Kwaɓin farko bayan suna na buɗe shi da hantsi, ni da Delu. Tun daga buhun na san akwai magana, don sanyi na ji a tafin hannuna. Na ɗaga faifai, ga kalwa nan zaune yadda aka zuba ta, ba yauƙi, ba duhu, sai wani tsami-tsami da furfura a gefe. Na ɗauki ƙwaya na tauna. Ɗaci! Ni da na yi shekaru a sana'ar ban taɓa jin daddawa mai ɗaci ba. Na ce ruwa ba ya tsami banza, kalwar ce. Na yafa mayafi har kasuwa wurin Malam Idi mai kalwa, na zazzage masa kwandon rashin mutunci, na ce tsohuwa ya haɗa mini da sabuwa. Bawan Allah ya rantse, ya buɗe wani buhun ya ce in zaɓa da hannuna. Na zaɓa. Kwaɓi na biyu ya fi na farko lalacewa.

Daga nan na bi komai ɗaya bayan ɗaya. Na canja kanwa. Na bar rijiyarmu na sa aka ɗebo daga ta makwabta. Na ce ko iccen ne ɗanye hayaƙi ya kama, na sayi busasshe. Da yake damina ce na ce ko sanyin ƙasa ne, na shimfiɗa buhuna na ɗora ƙoren a kan benci. Duk a banza. Abin da ya ɗan yi dama-dama na kirɓa na sayar, kafin kwana biyu aka fara dawo mini da shi. Hajiya Tasalla ta zo da kanta, ta dire kwano a gabana.

Ta ce, "Hajiya, maɗaci kika koma sayarwa ba ki sanar da mu ba? Jiya masu cin tuwona sai da suka tambaya ko maganin shawara na zuba musu a miya."

Na ba ta haƙuri. Ba ta dube ni ba, idonta na kan Delu da ke durƙushe a bakin rijiya tana murza gwagwa. Ta rage murya, irin ragewar da ake ji har zaure.

Ta ce, "Wai ita waccan, ba ita ce maza biyu suka mutu a hannunta ba? Ke ma dai da ganganci. Mai farar ƙafa kika sa wa hannu a abinci, kina neman dalili a wurin kanwa?"

Na ce, "Shekara nawa tana yi mini aiki daddawar na fita lafiya?"

Ta ce, "Yo ita tsiya ai ba ranar da ta shigo take nunawa ba."

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama unguwa. Ku da kuke rubuta labari kuna sa mutanen gari su taru su taya mai bincike tunani, ku zo ku ga namu mutanen. Wadda kazarta ta mutu ta tuna Delu ta yi mata daka ranar. Wadda ɗanta ya yi ƙyanda ta tuna Delu ta goya shi. Har wadda mijinta ya faɗi zaɓen ƙungiyar 'yan tireda ta samu abin tunawa. Gidan da ta yi sallama sai a ce yau ba aiki, ta juya a bi sawunta da tsintsiya. Gida ɗaya, biyu, har ya zama nawa ne kaɗai ya rage mata. Rannan ta zo ta tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida, ba ta shigo ba.

Ta ce, "Hajiya, ki yi kwaɓin nan ba ni. In ya yi kyau, kin huta. In bai yi ba, ni na huta."

Na ce ban yarda ba. Ta ce ita ta yarda. Na yi shi ni kaɗai tun daga dahuwa har rufewa, bayana kamar zai ɓalle. Ya fito da ɗacinsa yadda ya saba. Wallahi ranar na yi asarar kalwa amma murna na yi, na ce to yanzu bakin kowa ya mutu. Na aika wa Tasalla cewa ga shi Delu ba ta taɓa ba. Sai ta aiko a gaya mini ai ƙafar ta riga ta taka gidan, sai dai a yi hayaƙi. Tafɗi! In ta taɓa ita ce, in ba ta taɓa ba ita ce.

Goge ƙore bayan kwashewa aikin Delu ne tun da ta zo, to da ba ta nan sai ya dawo kaina. Na ɗauki babbar ta Inna na zauna a bakin gadon karan, na zura hannu da tsumma. Sai na ji tsumman yana kamawa. Na ajiye shi na shafa da yatsa. Cikin ƙwaryar da na sani sumul kamar an shafa man shanu, ga shi ya yi kaushi. Baƙin yana nan, don baƙin shekaru ba ya fita, shi ya sa ido bai gane ba. Na kai ta rana na karkata, sai ga zane-zanen soso. Na kai harshe na lasa gindinta. Ɗacin ya tsaya mini a maƙogwaro, kuma na san shi, duk wadda ta taɓa haihuwa ta san shi. Darbejiya ce, da ɗan ƙamshin garin sabulu a bayanta. Na ɗaga ido, ga garwar ruwan jego can a jingine, tsakaninta da gadon karan bai fi a miƙa hannu ba.

To ga mai laifi na samu, don raina ya ba ni uwarki ce, amma ta yaya zan tambaye ta? Ni ban taɓa ce mata ko sannu kai tsaye ba. Na ɗauki ƙwaryar na shiga ɗakin, karo na farko tun zuwanta. Tana zaune a bakin gado, ta sunkuyar da kai. Ke kuma kina kwance a zani kina ta wutsil-wutsil. Na ɗauke ki na ɗora a cinya, na kafa miki ido, da ke na yi maganar.

Na ce, "Ke 'yar baƙuwa, tunda ke ce ba kya barci, gaya mini. Wa kika gani yana wanke mini ƙore da ruwan wankan uwarki?"

Can sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ita ma ke take kallo.

Ta ce, "Ki ce mata ni ce. Na ji abin da gwaggon babanki ta faɗa, na ji kunya. Na ga sun yi baƙi, na ce bari in rage mata aiki. In an gama mini wanka sai in jiƙa su a sauran ruwan in goge, in kife yadda na same su."

Na ce, "Tambaye ta, da ta ga daddawa na lalacewa, me ya hana ta bari?"

Ta ce, "Na ɗauka dattin ne bai gama fita ba. Sai na ƙara sabulu."

Inna lillahi! Kun ji fa. Ni ina can ina zagin Malam Idi, ana nan ana ƙara sabulu. Sai ta fashe da kuka, ta ce akwai saura. Wai Delu ta taɓa riskar ta tana yi, ta ce mata a hankali, uwar ɗakina, waɗannan ba a wanke su. Uwarki kuma ta ɗauka ƙauyanci ne, ta ce mata ai shi ya sa abin naku ke lalacewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na kwantar da ke na fita.

Ranar da uwarki ta yi arba'in mata suka cika gidan nan ana haɗa garar da za a mayar da ita ɗakinta. Tasalla na tsakiya tana ba da umarni kamar ita ta haife ta. Na bari sai da aka natsu, na fito da ƙwaryar Inna na miƙa mata, na ce ta lasa. Ta yi turus, ta lasa, ta tofar. Na zagaya da ita duk wadda na san ta kori Delu sai da ta ɗanɗana. Sannan na faɗi komai, ban rage ba, a gaban dangin ubanki, uwarki na ɗaki tana ji. Na ce ga abin da ya ɓata mini daddawa, ruwan darbejiya ne da sabulu, hannun 'yar gidan nan ne, baiwar Allah da kuka hana wa abinci ba ta da laifin komai, ita ce ma ta yi ƙoƙarin hanawa.

A labarinki a nan ne kowa zai riƙe baki ya ce wayyo mun yi kuskure, ko? To dariya suka yi. Wata ta ce, "Ayya, yarinta! Tsafta ai ba laifi ba ce." Wata ta ce 'yan Kaduna sai a hankali. Tasalla ta kurkure baki da ruwa, ta gyara ɗaurin kallabi.

Ta ce, "To mun ji. Amma ki tambayi kanki, Hajiya. Yarinya mai hankali, mai jego, me zai kai ta wanke ƙoren da ba a sa ta ba? Ai wani abu ne ya ja ta. Ita farar ƙafa da hannun wani take aiki."

Sai na ga kawuna suna gyaɗawa, har da na waɗanda ɗacin bai bar harshensu ba.

Washegari na tafi bayan ganuwa neman Delu. Na same ta ta ɗaure tabarma da tukwane biyu, yaran na zaune a kan ƙullin kaya. Mai ɗakin ya ce matarsa ba ta samun barci tun da ta ji labari. Na zauna a kan turminta na gaya mata duk yadda aka yi, har lasar ƙwarya. Ta ɗan yi murmushi, ta ce ta so ta ga fuskar Tasalla.

Na ce, "Delu, kin sani tun tuni. Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Hajiya, wa ni in kai ƙarar 'yar fari wurin uwarta? Ke da kanki ba kya iya ce mata ci kanki. Ga dangin miji suna shiga suna fita, aurenta ko shekara biyu bai yi ba. Na ce in ta gama wanka ta tafi, abin zai wuce."

Na ce, "To ga shi bai wuce ba. Kwance kayan nan. Akwai ɗaki a gidana, aikina kuma naki ne har in mutu."

Ta ce, "Allah ya saka. Amma in na zauna, wa zai sayi daddawarki? Ni da ke da yaran nan sai mu taru mu ci ƙore. A ƙauye akwai yayana, ko kalar gyaɗa na yi ma ci."

Na yi magiya har na gaji. Na raka ta tasha na riƙe mata ƙaramin har mota ta cika. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Ƙoren Inna kuwa ba su ƙara moruwa ba, ɗacin ya shige su har ƙashi. Na hau mota zuwa Wusasa na faɗa wa Malama Rifkatu halin da nake ciki. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar ƙwaryar uwarta guda, baƙa wuluk, ta ce in riƙe har nawa su kama. Da ita na dinga yin ɗan kaɗan, ina ɗiba ina shafe cikin sababbi, ina zubar da wanda bai yi ba. Sai da kaka ta shigo sannan rannan na sa hannu a kan buhu na ji ɗumin nan. Na buɗe, warin ya buge ni har na yi tari. Na kirɓa na shanya, ta bushe baƙa tana ƙyalli kamar ta zamanin Inna.

Ban aika wa kowa ba, amma wari ba ya ɓuya. Sai ga Hajiya Tasalla da babban kwanonta. Ta ɗauki guda daga faifai, ta ɓalla, ta sunsuna, ta ɗan gutsura. Fuskarta ta washe.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! To Hajiya, yanzu kin yarda? Kin ga tun da matar nan ta bar garin daddawarki ta dawo."

Na dube ta. Na miƙa hannu na zare ɓallin da ke hannunta, na mayar kan faifai, na ja mayafi na rufe.

Na ce, "An sayar."

Ta ce, "Duka? Wa ya saya?"

Na ce, "Duka. Da ta mako mai zuwa, da ta baɗi."

Ta tsaya tana jira in yi dariya. Da ta ga ba dariya, ta ɗauki kwanonta ta fita da shi yadda ta shigo da shi.